Layin Mayar da Amsa

“Ashe Jatau ne!”

Alhaji Tajuddeen bai ko ƙarasa sallama ba ya saki maganar. Yana tsaye a bakin ƙofar ofis, babbar rigarsa ta tare hanya, waya a hannu, fuska wasai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

“Ashe kawunki ne mai aiko mana da rahotannin nan, Mansura, kika ja bakinki kika tsuke wata bakwai cur? Kai, Allah ya yi wa mutumin nan albarka!”

Mansura ta ajiye kofin shayin da ke hannunta. Ta tashi ta rufe tagar da ke kallon rumfar masu sayar da taki. Da Alhaji ya shigo, ta tura ƙofar ma.

“Alhaji, wa ya faɗa maka?”

“Wa kuwa zai faɗa mini? Wayata mana. Jiya na dawo daga aikin ido, yau da safe na ce bari in gwada abin nan da kika yi mini alkawari. Ina danna wurin amsa, sai ga suna ɓaro-ɓaro. Ungo, duba.”

Ta duba. A inda ya kamata a ga sunan ƙungiya, an rubuta: Malam Jatau Malamin Gona, ’Yankuzo. Ita ta rubuta sunan nan da hannunta ranar da ta buɗe wa kawun nata adireshin imel. Ko laƙabin ba ta rage ba, don ba za ta iya rubuta sunan ƙanen mahaifiyarta gatsau haka ba.

Ƙungiyar ta manoma ce da direbobin da ke ɗauko amfanin gona daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu zuwa Gusau. Alhaji ne shugaba. Mansura ce mai kula da kwamfuta, kuma ita kaɗai ce. Tun da ’yan bindiga suka mamaye hanyoyin daji, abin da direba ya fi buƙata kafin ya tayar da mota shi ne labari: ina aka gan su jiya, wace hanya suka tare, wace gona ce ba ta shiguwa. Mutanen ƙauye sun sani sarai, amma wa zai faɗa? In ka kira waya, lambarka ta fito, kuma mai lambarka ba ya wahalar gano gidanka.

Shi ya sa Mansura ta rubuta ’yar manhajarta. Mutum ya aiko da rahoto ta imel zuwa ofis, manhajar ta karɓa, ta wanke shi, ta raba wa mambobi ashirin da uku, kowa da kwafinsa. Wankin kuwa a kan saƙo ake yin sa. Kowane saƙo yana da wasu layuka a samansa da waya ke ɓoye wa mai karatu, irin rubutun bayan ambulan da hatiman gidan waya: wa ya aiko, ƙarfe nawa, da wace irin waya, ta wace hanya ya biyo. Manhajar takan goge su kaf, ta sa sunan ƙungiya a madadinsu.

Da wannan ta shawo kan Kawu Jatau ranar ƙaramar Sallah, a tsakar gidan Iya, mahaifiyarta, da ke unguwar Damba a Gusau. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa kafin ya ce, “Ɗiyata, ni ban san kan wannan abu ba, ke kika sani. In kin ce ba za a gane ni ba, shi ke nan.” Ta ce ba za a gane shi ba. Har rantsuwa ta yi, ba tare da an nema ba.

To, sai godiyar Alhaji ta shigo. Alhaji Tajuddeen mutum ne da in ka ba shi hanya a titi sai ya tsaya ya sauke gilashi ya gode maka, na baya suna ta danna masa oda. Ya hana Mansura sakat. “Yanzu mutum ya sa ransa a faranti ya tsare mana direbobi, mu karanta mu yi shiru kamar gumaka? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Ban ce ki faɗa mini sunansa ba. Ki dai buɗe mini ƙofar da zan ce masa sannu.” Safe da yamma maganar ke nan, har ta gaji ta ce to.

Akwai wani layi a kan saƙo da ke nuna inda amsa za ta tafi in an danna wurin amsawa. Niyyarta ta sa lambar ɓoye a layin, yadda godiya za ta biyo ta ofis sannan ta wuce ga mai ita. Ranar wata Alhamis ta fara aikin. Don ta ga ko layin yana aiki, sai ta sa manhajar ta kwafi adireshin mai aikowa na gaskiya tukuna, da nufin ta sauya kafin ta tashi. Ana cikin haka aka kira ta cewa maƙwabciyarsu ta rasu, ta rufe kwamfuta ta fita da gudu. Aka yi zaman makoki, mako ya zagayo, abin ya fice mata a rai fit. Kwana goma sha ɗaya ke nan yau.

Ta zauna ta buɗe manhajar. Ga layin nan yana kallonta. Ta goge shi, ta adana. Gyaran bai ci minti ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Sannan ta duba abin da ya fita a kwanakin. Rahoto uku ne, duka na Kawu. Na ƙarshen, wanda ya fita jiya da yamma, shi ne mai cewa akwai mai kai wa mutanen daji man fetur da burodi daga cikin gari, kuma an kusa gane shi.

“Lafiya dai?” in ji Alhaji. Fara’ar tasa ta fara dushewa.

“Ba kai kaɗai ka gani ba, Alhaji. Duk wanda ya danna wurin amsa ya gani. Mutum ashirin da uku.”

“Ai duk namu ne.”

Ta mayar da idonta kan allo. Shi ma da ya ji maganar tasa ta fito fili, sai ya yi salati ya nemi kujera. Ya kira lambar Kawu Jatau sau uku, ba ta shiga ba. Dama ba za ta shiga ba. Babu sabis a wajen su Kawu sai a kan wani dutse da ke bayan makarantar firamare. Kullum in ya taso daga gona ya yi la’asar, yakan hau dutsen ya buɗe waya, saƙonnin da ya rubuta su fita, na shigowa su shigo, sannan ya wuce gida. Ranar da ya gaji kuwa, gida yake wucewa kai-tsaye.

Alhaji ya miƙe ya fita baranda da waya a kunne. Mansura ba ta ko ɗaga kai ba. Tana da kalmar sirrin Kawu, tunda ita ta zaɓa masa, don haka ta shiga akwatin saƙonsa.

Kaico, mutanenmu! Saƙon godiya tara ta tarar. Direbobi da sarakunan noma, kowa ya zuba addu’a, wani har da gaisuwa ga iyali. A cikinsu babu wanda ya yi tunanin ya kira ofis ya ce suna yana fitowa. Kowa ya ɗauka shi kaɗai aka amince wa da sirrin, ya riƙe abinsa yana jin daɗi. Kawu bai ga ko ɗaya ba, don ya saba yana aikawa ne kawai, ba ya duba abin da ya shigo sai ya ga sunanta.

Na goma daban ne. Ya shigo yau da ƙarfe tara saura kwata, daga wani adireshi marar suna, haruffa da lambobi kawai.

“Sannu da aiki, Malam Jatau. Yau kana gida kuwa? Akwai masu son ganinka a kan maganar taki.”

Ta karanta sau biyu. Babu zagi, babu barazana, amma ba ta yarda da shi ba. Wannan adireshin ba ya cikin jerin mambobi. Ta buɗe kan saƙon gaba ɗayansa, layuka suka zubo, ta bi su da yatsa a kan allo. Layin mai aikowa bai faɗi komai ba. Layukan hanya sun nuna waya ce, ba kwamfuta ba. Can ƙasa ta isa inda take nema, layin da ke faɗin wane saƙo ne ake amsawa. Kowane kwafi da manhajarta ke fitarwa yana da doguwar lambarsa, kuma ƙarshen lambar shi ne matsayin mamba a jerin sunaye. Mai rubutun ya sauya adireshi kafin ya aika, amma bai san wayarsa ta ɗauko lambar ta liƙa a kan saƙon ba. Lambar ta ƙare da goma sha huɗu.

Tana buɗe jerin sunaye Alhaji ya dawo yana share gumi, muryarsa ta ɗan saki.

“Kwantar da hankalinki, ɗiyata, an samu mafita. Na kira Anas, sakatarenmu na Tsafe. Na ce maza ya je ya ɗauko mana Jatau a babur, kada ya kwana can. Ya ce babur ɗinsa yana wurin gyara, amma da an yi azahar zai kama hanya.”

Yatsan Mansura yana kan na goma sha huɗu. Ta juya allon ya fuskanci Alhaji. Ya sunkuya, ya kanne idon da aka yi wa aiki, ya karanta da ɗayan. Ta nuna masa saƙon, ta nuna masa lambar, ta yi bayani a gajarce.

“Anas? A’a. A’a, ki sake dubawa. Anas da ya ɗauki gawarwakin direbobinmu a kafaɗarsa bara? Ubansa abokina ne, tare muka yi fataucin gyaɗa.”

“Ban ce shi ya rubuta ba, Alhaji. Na ce daga kwafinsa aka amsa. Ko shi ne, ko wanda ya miƙa wa wayarsa.”

“To bari in kira shi in ji daga bakinsa.”

Ta dafe wayar a kan tebur, ta haɗa da gefen hannun rigarsa. Ba ta taɓa yi wa babba haka ba a rayuwarta.

“Don girman Allah kada ka kira. In shi ne, ka gaya masa mun gane, ba zai jira azahar ba.”

Alhaji ya saki wayar ya zauna. Fanka tana juyawa a sama, a waje wani yana ciniki da mai taki da ƙarfi. Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma.

Mansura ta jawo kwamfutar gabanta. In mai tambayar yana son ya san ko Kawu yana gida, to a ba shi amsa. Ta buɗe sabon saƙo ta hanyar manhajarta, inda take iya rubuta kan saƙo layi-layi da hannu. A layin mai aikowa ta sa sunan Kawu. Ta ɗauko layin irin wayarsa daga wani tsohon rahoto ta manna. Ta sa lambar saƙon mai tambaya a layin amsa, don ya faɗa daidai ƙarƙashin tambayar. Da ta zo layin lokaci sai ta tsaya. In ta bar shi a yanzu, za a ga amsar ta zo ne bayan kiran Alhaji, mai wayo zai haɗa biyun. Ta mayar da agogon baya zuwa tara da rabi. Kowa ya san saƙo yakan maƙale a hanya awa guda ko biyu kafin ya iso.

Saura abin da Kawu zai ce. Ta rubuta: “Wa alaikumus salam. Ba na gida. Tun da sassafe na fito, ina hanyar Bunguɗu, an yi mana rasuwa.” Ta dubi kalmar ƙarshe a ƙarƙashin sunan kawunta. Ta goge da sauri tana neman tsari. Ta sake rubutawa: “Zan duba rufin tsohon gidanmu da ruwa ya ɓata. Sai jibi in Allah ya kai mu.” Gidan yana kulle tun da Iya ta dawo Gusau, ko kaza babu a ciki. Duk wanda ya je can ba zai tarar da kowa ba.

Ta aika. Suka zauna jira, ita da Alhaji. Shayin ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.

Minti ashirin da biyu, wayar Alhaji ta yi ƙara. Anas ne. Alhaji ya dubi Mansura, ta yi masa alama ya buɗe murya.

“Alhaji, barka da hantsi. Wai ashe Malam Jatau ba ya gari? An ce ya tafi Bunguɗu.”

Duk duniya mutum uku ne suka san da maganar Bunguɗu: Mansura da ta ƙirƙire ta, Alhaji da ya ga ana rubutawa, da mai adireshin nan marar suna. Alhaji ya matso da wayar kusa da bakinsa.

“Wa ya faɗa maka?”

“Haka dai na ji a tasha.”

“To, madalla. Ka bari kawai, Anas. Ka huta abinka.”

“Haba Alhaji, ai ka riga ka sa ni aiki. Zan leƙa gidan dai in gani da idona. In yana nan in ɗauko shi, in ba ya nan in dawo. Ai ba nisa.”

Muryarsa a sake take, da ladabi, irin wadda suka saba ji a taro yana karanta bayanin zaman da ya wuce. Ya yi sallama ya kashe.

Alhaji ya cire hula ya ajiye a kan gwiwa. Mansura ba ta taɓa ganin kansa ba sai yau, furfura ce fat. Ya kira wani babban jami’in tsaro da ya sani, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya saurara, ya ce to, ya gode. An ce masa ba a shiga hanyar ’Yankuzo sai da rakiya, kuma rakiyar yau ta riga ta wuce. Ya jera sunayen waɗanda zai iya aikawa daga Tsafe, yana kai kowane suna sai ya tsaya. Awa guda da ta wuce da ya rantse a kan kowannensu.

“Ni zan tafi,” ya ce, ya mayar da hular. “In zauna a tashar Tsafe, inda kowa zai gan ni. In Allah ya fito da shi, ya tarar da mota.” Ya kai ƙofa ya juyo. “Ni na matsa miki, ɗiyata.”

“Ni na rubuta, Alhaji.”

Da ya fita, ta koma akwatin Kawu. Sabis ɗin kan dutse ba shi da ƙarfi, wani lokaci saƙo ɗaya ko biyu ke samun shiga kafin ya ɗauke. Ta kwashe saƙonnin godiya tara da na mai tambaya ta kai su wani wuri, don kada su tare wa nata hanya. Sannan ta rubuta da sunanta, ta sa alamar gaggawa a kan saƙon, ta taƙaita shi yadda zai sauka ko da sabis ya yi rauni:

“Kawu, Mansura ce. Sunanka ya fita, laifina ne. Kada ka koma gida. Kada ka hau babur ɗin Anas ko na kowa. Ka wuce rugar abokinka Adamu, ya fito da kai ta hanyar shanu. Alhaji yana jiranka a tashar Tsafe. Ka yafe mini.”

Daga nan babu sauran abin yi. Na’urar ƙungiya tana rubuta duk lokacin da wata waya ta shigo ɗaukar saƙo, don haka ta buɗe wannan rajistar ta zuba mata ido. Aka kira azahar, ta yi salla a gefen tebur, ta kasa tuna raka’a nawa ta yi, ta sake. Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, batirin ofis ya fara kuka. Ta naɗe kwamfutar ta tari mai keke zuwa Damba.

Ta tarar da Iya a inuwar dalbejiya tana tsintar wake. Halima, matar Kawu, tana wanke wa ƙaramin ɗanta kai a bakin rariya. Tun damina Kawu ya kawo ta nan da yara, shi ya koma don kada dawa ta lalace a gona. Mansura ta so ta wuce ɗaki, amma Iya ta ɗago ta dube ta sau ɗaya.

“Zo nan. Me ya faru?”

Ta durƙusa a gaban tabarma ta faɗa musu duka. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma jingina laifin ga Alhaji ba. Halima ta saki kofin ruwa, kumfa tana gangaro wa yaron a ido yana kuka, ba ta ji ba. Iya ta ture farantin wake gefe.

“Ke da kika rantse masa a nan wurin?”

“Ni, Iya.”

Iya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗauki carbinta kawai ta ce, “Buɗe abin naki mu gani.”

Mansura ta ajiye kwamfutar a kan turmi da aka kife, ta haɗa ta da wayarta. Mata uku suka kewaye allo, biyu a cikinsu ba su san abin da suke kallo ba. Ƙarfe uku da rabi Alhaji ya kira daga Tsafe. Ya aika an duba wurin mai gyara, babur ɗin Anas ba ya nan, tun ƙarfe ɗaya aka gan shi ya fita, da wani a bayansa. Mansura ta ce to, ta kashe. Ba ta maimaita wa su Iya maganar na bayan ba.

Aka kira la’asar. Ta lissafa a ranta: yanzu ya ajiye lauje, yanzu yana alwala, yanzu ya idar. Daga gona zuwa makaranta tafiyar minti goma sha biyar ce. A mararrabar, hagu dutse, dama gida. Yau kuwa rana ta yi zafi, kuma yankan dawa ba wasa ba ne ga mai shekara hamsin da biyar. Ta riƙa roƙon Allah a fili, ba kunya, kada ya sa Kawu ya gaji yau.

Huɗu da kwata, shiru. Huɗu da rabi, shiru. Halima ta tashi ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga ta fito. Yaran maƙwabta suna buga ƙwallo a lungu, kowane bugu sai Mansura ta zabura.

Biyar saura minti goma sha tara, sabon layi ya bayyana a rajista. Wayar Kawu ta shigo, ta ɗauki saƙo ɗaya.

“Ya hau!” Mansura ta faɗa da ƙarfi. “Iya, wayar ta hau dutse, saƙon ya shiga!”

Halima ta faɗi a gwiwa tana hamdala. Iya ta ci gaba da jan carbi, idonta a kan fuskar ’yarta, ba a kan allon ba. Minti takwas suka wuce, sannan amsa ta shigo.

“Na gani. Ina lafiya. Kada a turo kowa, zan fito da kaina.”

Mansura ta karanta musu. Halima ta fashe da kuka tana dariya, ta rungume yaron da sauran kumfa a kunnensa. Amma ita Mansura ba ta yi murna ba tukuna. Da hantsin nan ita ma ta rubuta saƙo da wannan sunan, kuma har wani ya karanta ya ɗauka Kawu ne.

Ta buɗe kan saƙon. Ta bi shi daga ƙasa zuwa sama, a hankali, yadda ba ta taɓa bin wani ba. Adireshin nasa ne. Irin wayar tasa ce, har lambar tsohuwar manhajar da ya ƙi yarda a sabunta masa. Layin waya nasa ne. Lokacin da aka rubuta ya yi daidai da lokacin da na’urar ƙungiya ta karɓa, babu wanda ya taɓa agogo. Lambar da ke layin amsa ta saƙonta ce. Ta sake bi daga sama zuwa ƙasa tana neman ƙarya ko ɗaya, ba ta samu ba. Saƙon ya fito ne daga wayar Kawu Jatau, a kan dutsen bayan makaranta, minti biyu da suka wuce. Babu layin da ke faɗin wanda ke riƙe da wayar, ko wanda ke tsaye a bayan mai riƙe da ita.

Da sauri ta rubuta: “Kawu, wane suna Iya take kiranka da shi kana yaro?” Ta aika, ta koma rajista. Wayar ta riga ta sauka. Tambayar ta zauna a akwati, ba a ɗauka ba. Ta jira minti biyar, ta jira goma. Inuwar dalbejiya ta kai bango.

Halima ta tashi tana share hawaye, ta ce bari ta ɗora tukunya, ta ƙara awo ɗaya ko zai iso da yunwa. Iya ta bari sai da ta shige madafa, sannan ta matso kusa, ta rage murya.

“Mansura, dube ni. Shi ne?”

Mansura ta dubi allon, ta dubi mahaifiyarta.

“Wayarsa ce, Iya.”

Iya ta jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.